Baje Koli, Talla da Wasa: Sharhi a kan Jerin Kalmomi Masu Kama da Juna

Akwai wata al'ada da ta daɗe a darasin Hausa, watau malami ya rubuta kalma guda a allo, sa'an nan ya jera waɗansu a ƙarƙashinta, ya ce wa yara duk ma'anarsu ɗaya. A wajen kalmomin da su ka shafi fito da abu a idon jama'a domin a ga kyansa, jerin yakan zo kamar haka: nuna, baje koli, tallata, yaba, wasa, koɗa, zuga, kambama, zuzuta. Ɗalibin da ya haddace wannan, ran da aka ce ya rubuta labarin zuwan babban baƙo makarantarsu, sai ya ce shugaban makaranta ya zuzuta baƙon, alhali abin da ya ke nufi shi ne ya yaba masa. Ya tuhumi shugabansa da ƙarin gishiri bai sani ba, kuma laifin na jerin ne.

Asalin al'adar ba boyayye ba ne. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 yana da jerin kalmomi masu makusanciyar ma'ana a ƙarƙashin kalmomi da dama, kuma wannan babbar taska ce ga mai tattara harshe. Amma shi da na Abraham na 1949 duk da Turanci su ke fassara, ga shi kuwa kalmar Turanci guda takan haɗiye kalmomin Hausa huɗu ko biyar. Mai karatu ya ga fassara iri ɗaya, sai ya zaci Hausar ma ɗaya ce. Fitowar Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero a 2006, wanda ya ke bayanin Hausa da Hausa, ta rage wannan matsala, amma jerin allo bai gushe ba.

Nuna ita ce uwar jerin, kuma ba ta ɗauke da yabo ko kushe. Ana nuna doki, ana nuna gyambo. A Sakkwato da ƙasar Nijar gwada a ke ce wa wannan, kalmar da Bakano ya fi sani da aune ko jarrabawa.

Baje koli da talla duk daga kasuwa su ka fito, amma ba rumfa ɗaya ba. Baje daga baza ta ke, harafin z ya koma j a gaban wasalin e, kamar yadda ya koma a gaban i cikin kaza da kaji. Koli kuwa ƙananan kaya ne irin su allura da zare da madubi da kwalli. Ɗan koli yakan shimfiɗa tabarma ya jera kayansa ya zauna. Mai saye shi ke zuwa, ya ɗauka ya juya ya ajiye. Kayan na nan a gaban ido, kuma hukunci na mai kallo ne. 'Yar talla ita ke ɗaukar kaya a ka ta bi gida gida tana kira, sau da yawa abin na rufe da faifai, muryarta ce ta ke riga kayan isa. Saboda haka waɗanda su ka raɗa wa taron 'yan kasuwa da masana'antu na Kaduna suna kasuwar baje koli sun dace ƙwarai, domin can ma mutane ne ke zuwa su gani da idonsu. Inda a ke kuskure shi ne a ce wani ya baje kolin manufofinsa alhali bai kawo kome ba sai alkawari. Wannan talla ya yi.

Tallata kuma tana da ƙaya. An gina ta daga talla da ɗafin -ta, kamar ƙawa da ƙawata. Idan haja a ka tallata, ba laifi. Idan mutum ne, maganar takan juya: matar da ta ce kishiyarta ta tallata ta a unguwa, tonon asiri ta ke nufi. Masu fassarar labarai da su ka saba cewa ana tallata ɗan takara sun mai da shi haja, ko sun nufa ko ba su nufa ba, kuma mai sauraro na karkara yana jin wannan sarai.

Wurin da jerin ya fi yin ɓarna shi ne wajen wasa da koɗa da zuga. Duk ukun aro ne daga kayan aiki. Ana wasa wuƙa a dutse don ta yi kaifi. Ana koɗa dutsen niƙa idan ya yi sulɓi, a sassare shi don ya ci hatsi. Ana zuga wutar maƙera da zugazugi don ta huru. A cikin kowane ɗaya, aikin a kan abin ya ke faɗawa, kuma ana yinsa ne don abin ya yi wa mai shi amfani. To, haka su ke idan an juya su kan mutum. Maroƙin da ke wasa basarake ba jama'a ya ke sanarwa ba, don sun riga sun san shi. Shi basaraken ya ke wa aiki, har kansa ya kumbura ya sa hannu a aljihu. Makaɗin da ke zuga ɗan dambe so ya ke ya shiga fage. Shi ya sa zuga ta zarce har ta kai ga ingiza mutum ya yi abin da zai yi da-na-sani, ma'anar da yaba ba ta taɓa ɗauka ba. Watau baje koli da talla mai kallo su ke nema, waɗannan ukun kuwa wanda a ke yabon su ke nema. Jerin da ya haɗa su wuri guda ya ɓoye wannan bambanci ɗungum.

Yaba hukunci ce ta wanda ya gani ya gamsu, kuma daga bakin wani ta ke fitowa. Hausawa sun ce yabon gwani ya zama dole, sun kuma ce yabon kai jahilci. Kambama da zuzuta kuwa hukuncin mai ba da labari ne a kan mai yabon, cewa ya wuce gona da iri, ko da ya ke kambama takan zo wani lokaci da ma'anar girmamawa kawai.

Akwai gwaji mai sauƙi da malamin kwalejin horon malamai zai iya koya wa ɗalibansa maimakon hadda. A sa kalmar cikin jimla, a biyo ta da abin da zai ƙaryata ma'anar da a ke zato, a ji ko kunne ya karɓa. “Ya yaba dokin, kuma bai ƙara kome ba” magana ce daidai. “Ya zuzuta dokin, kuma bai ƙara kome ba” tana tuntuɓe, domin ƙarin yana cikin kalmar. “Ta tallata goron, amma ba wanda ya gan shi” mai yiwuwa ne. “Ya baje kolinsa a tsakiyar kasuwa, amma kayan na cikin buhu” ba ta yiwuwa. “Ya yaba wa sarki a bayan idonsa” kowa zai karɓa, amma “ya zuga ɗan damben a bayan idonsa” sai an tambaya, to wa ya ji har ya zugu?

Gwajin ba ya raba kowace biyu. Tsakanin koɗa da wasa, alal misali, kunnuwa sukan saɓa daga gari zuwa gari, kuma a aji mai ɗalibai daga Katsina da Zariya da Haɗeja ya kamata malami ya rubuta amsar kowa a allo tare da sunan garinsa.