Tuwon Gidan Abinci: Muciya Ce Alƙali

Duk lokacin da aka buɗe sabon gidan abinci a Kano ko Kaduna ko Abuja, aka ce tuwo da waina da dambu za a riƙa sayarwa, sai masu suka su taso. Wasu su ce magidanci mai mutunci ba ya cin tuwon waje, wannan sai gwauro da matafiyi. Wasu kuma su ce ina hankalin wanda zai biya kuɗin kaza a kan miyar kuka. Duka biyun sun bar jaki suna dukan taiki. Sayar da dafaffen abinci tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Baturen nan Clapperton, da ya shiga kasuwar Kano a 1824, ya tarar da masu tsire sun kewaye wuta da tsinkayensu. Littafin Polly Hill na 1972 a kan Batagarawa ya nuna yadda matan kulle ke dafawa a cikin gida, yara su fita da talla. A Ghana kuwa tuwo ya daɗe da samun gurbi a rumfunan abinci, daga Tamale har Kumasi. Abin da ya faru kawai shi ne, tun da gidajen abinci irin su Mr Bigg's suka fara a Legas a 1986, aka cusa wa 'yan birni cewa fita cin abinci na nufin soyayyar shinkafa da cinyar kaza. Saboda haka wanda ya dawo da tuwo kan teburi bai yi laifi ba. Abin tambaya shi ne ko tuwon da ya dawo da shi ya amsa sunansa.

A nan ne yawancin sababbin gidajen ke faɗuwa. Za ka ga an rataye faifai da ludayi a bango, an jera akushi don ado, ma'aikata sun sha hula da 'yar shara, amma abin da ke cikin faranti semo ne da aka dama a gaggauce. Tuwo kuwa ba ya son gaggawa. Sai ruwa ya tafasa a yi talge, wato a dama gari da ruwan sanyi a kwarara a ciki, a bar shi ya dahu har warin ɗanyen gari ya fita. Idan dawa ce, sai an sa kanwa daidai misali. Ta yi yawa tuwo ya yi ɗaci, ta yi kaɗan ya kasa kwana. Bayan nan ne ake barbaɗa gari kaɗan-kaɗan, muciya na juyawa tana matse shi a jikin tukunya, domin duk gudajin da ya tsere a wannan gaɓar ba ya sake narkewa. Sannan a rage wuta, a yayyafa ruwa, a rufe ya sulala. Wannan sulalar ita ce matakin da mai sauri ke tsallakewa, ita ce kuma ke raba tuwon da ke sulɓi a maƙogwaro da wanda ke zama wa mutum dutse a ciki. Sai a sake tuƙi na biyu, a kwashe da mara, a malmala. Ƙanzon da ya rage a gindin tukunya shaida ne: tukunyar da aka kwashe ta fita fes ba ta daɗe a wuta ba.

Za a ce ai gidan abinci kasuwa ce, mai saye ba zai zauna jiran sulala ba. Wannan hujja ba ta da ƙarfi. Masu tuwon tasha da na bakin kasuwa ma kasuwanci suke yi, amma da asuba suke ɗora tukunya, kafin azahar sun gama tuƙi. Tsari ne kawai da biyan ƙwararriyar mai tuƙi haƙƙinta. Haka batun ƙulla tuwo a leda da sunan tsafta. Tuwo mai zafi idan aka ƙulle shi gumi yake yi, bayansa ya yi santsi, ƙamshin hatsin ya mutu, balle a yi maganar abin da zafi ke yi wa leda. Kwano mai murfi ya wadatar. Miya ma ta shiga irin wannan hali, inda sinadarin dunƙule ya kori daddawar kalwa, har kuka da kuɓewa da taushe suka koma ɗanɗano guda. Amma miya tana iya ɓuya a bayan nama da man shanu. Tuwo ba shi da maɓoya.

Shi ya sa nake ganin ba da tuwon shinkafa ya kamata a auna irin waɗannan gidaje ba. Shinkafa mai haƙuri ce, ko ɗan koyo ya dafa ta luguf ya murƙushe, za ta shige. Tuwon dawa shi ne jarrabawa, shi ne kuma aka fi gudu saboda baƙinsa, wai bai dace da farin faranti ba, alhali Nijeriya tana sahun gaba a noman dawa a duniya, kuma da ita da gero aka raini kakanninmu. Har ila yau shi ne tuwon da ya fi daɗin ɗumame, abincin safen da har yanzu masu gidajen ke jin kunyar rubutawa a jerin abincinsu, ko da yake tuwon da aka tuƙa da kyau ne kaɗai ke iya kwana ya tashi da daɗi. Mai karatu, in an gayyace ka sabon gidan abincin gargajiya, ƙyale adon bango, ka nemi tuwon dawa da miyar kuka mai daddawa. In sun ce babu, to semo suke sayarwa, gargajiyar tana jikin allon ƙofa ne kawai.