Tambayar Mutane Labarin Rikicinsu: Nazari a Kan Dabarar Ma'aikatan Agaji

A shekarar 1994 ɗaruruwan dubban mutane suka gudu daga Ruwanda zuwa sansanonin Goma, a ƙasar da a lokacin ake kira Zayar. A cikinsu har da waɗanda suka yi kisan kiyashin, kuma ba a jima ba suka kama ragamar rabon abinci. Wannan abin kunya ya sa ma'aikatan agaji suka fara tambayar kansu ko taimakonsu yana kashe wuta ne ko yana ƙara mata makamashi. Daga cikin amsoshin da aka bayar, wadda ta fi shahara ita ce ta Mary Anderson, a littafinta Do No Harm na 1999.

Dabarar ba ta da wuyar fahimta. Kafin a raba kaya, sai a ware abubuwan da ke raba mutanen wuri daga abubuwan da ke haɗa su, sa'an nan a duba wanne ne taimakon zai ƙarfafa. Masu aiki da ita sukan gama ta da hanyar da Robert Chambers ya yayata, watau a tara mutanen gari su zana taswirar ƙasarsu da kansu, su jera matsalolinsu da tsakuwa ko ƙwayar hatsi, baƙo kuwa ya saurara. Lalle wannan ci gaba ne, gama mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Amma dabarar ta ɗauka cewa abin da aka faɗa a taro shi ne abin da aka sani, kuma abin da tafinta ya juya shi ne abin da aka faɗa. Nan ne rauninta yake.

Da fari, a dubi kalma. Inda Bature ke da kalma guda a takardarsa, Bahaushe yana da saɓani, da husuma, da faɗa, da gaba, da tarzoma, da fitina, da yaƙi, kowacce da nauyinta. Idan tafinta ya ce, "Akwai faɗa a garin nan?" dattawa za su ce babu, kuma ba su yi ƙarya ba, alhali gidaje biyu sun shekara goma suna gaba a kan burtali. Tambayar ce ta zaɓi amsarta.

Na biyu, rabon abubuwa gida biyu bai ishi zaman jama'a ba. Bafillace da Babarbare sukan yi wa juna baƙar magana a bainar jama'a, baƙon da aka fassara masa zai rubuta ta cikin masu rabawa. Ga shi kuwa wasan barkwanci ne, wanda UNESCO ta sa irinsa na ƙasar Nijar cikin gādon al'adun duniya a 2014 saboda yana kashe husuma. Rijiya ɗaya kuma takan haɗa manomi da makiyayi da damina, ta raba su da rani.

Na uku, ba kowa ke magana a taro ba. Yaro ba ya musa wa dagaci, suruka ba ta buɗe baki gaban uban mijinta. Cooke da Kothari sun nuna a littafinsu na 2001 yadda irin wannan taro kan ƙarfafa masu iko da sunan jin ta bakin kowa. A Barno, inda rikicin da ya ɓarke a 2009 ya kori jama'a da yawa daga gidajensu, an sha yin taro da Hausa, alhali mata da dama Barbarci ko Larabcin Shuwa ko Margi suka fi ji. Shirunsu sai a rubuta shi yarda.

Wannan duka ba dalilin yar da dabarar ba ne. Gyaranta shi ne a rubuta magana da harshen da aka yi ta kafin a juya, a zauna da mata da samari dabam, a kuma ɓoye sunan mai magana, domin a wurin rikici baki yakan jawo wa wuya. Tafintocin da za su ɗauki wannan nauyi daga kwalejojin horon malamai da sassan harsuna suke fitowa, saboda haka ya kamata a koya musu bambancin faɗa da gaba tun suna aji.