Matattu a Bakin Aiki: Nazarin Adabin Tsafin Gawa

Bangon littafin *Gideon the Ninth* ba ya ɓoye komai: budurwa da takobi, fuskarta da zanen ƙoƙon kai, ƙasusuwa na tarwatsewa a bayanta. Tamsyn Muir, marubuciya 'yar New Zealand, ta fitar da shi a 2019, ya kuma ci kyautar Locus ta littafin farko a 2020. Yana cikin reshen adabin Turawa da ke cakuɗa tsafi da ƙagaggen labarin kimiyya, inda jirage ke kai da komo tsakanin duniyoyi, amma matsafi ne ke kan karaga, ƙashin mutum kuma shi ne makami.

Kiran matattu tsohon jigo ne. A *Odyssey* na Homer, Odysseus ya zuba jinin tumaki a rami don ruhin Tiresias ya zo ya faɗa masa abin da ke jiransa a hanyar gida. Mamaci a nan masani ne, tambaya ake zuwa yi masa. A 1818 Mary Shelley ta sauya lissafin, domin Victor Frankenstein bai tambayi gawa komai ba, sassanta ya harhaɗa. Garth Nix kuwa, a *Sabriel* na 1995, ya ba jarumarsa ƙararrawa bakwai don ta riƙa mayar da matattun da suka taso makwancinsu. Abin da Muir ta yi ya fi waɗannan sanyaya jiki: ta ɗauki mamaci aikin ƙwadago.

Daular littafin Gidaje Tara ce, kowane gida da duniyarsa da irin tsafinsa, ƙarƙashin wani sarki da ya shekara 10,000 bai mutu ba. A Gida na Tara, ƙwarangwal ne ke fita gona. Matsafi kuma daga mutuwa yake jan ƙarfinsa, saboda haka mutuwa ta zama makamashi, kuma duk inda abu ya zama makamashi sai an sami mai neman ƙari. Iyayen Harrowhark, magajiyar gidan, sun hallaka yara 200 na gidansu don su haifi matsafiya. Ita kuma ta shafe shekaru tana juya gawarwakin iyayen nata a gaban jama'a, ana cewa alwashin shiru suka ɗauka.

Mai karatu Bahaushe zai riga Bature jin tsikar jiki. Mu da ke gaggauta wanka da likkafani, muke kuma ganin ƙashin mamaci yana da alfarma irin ta mai rai, ba ma buƙatar a nuna mana inda ɓarnar take. Abin lura shi ne babu wanda ke jin wannan ƙyamar a cikin labarin. An bar wa mai karatu ya ji ta shi kaɗai.

Sai kuma dariya, wadda a kanta masu karatu suka rabu. Gideon, jarumar littafin, wadda ta taso tamkar baiwa a Gida na Tara, bakinta ba linzami: baƙin tabarau, zagi, barkwancin batsa, da salon raha irin na intanet. Wasu na ganin hakan ya zubar da kwarjinin labarin. Ni ina ganin akasin haka. Yarinyar da ko ƙasusuwanta an riga an yi musu lissafin aiki bayan ta mutu, me ta mallaka ban da takobinta da bakinta? Inda nake tare da masu suka shi ne tsakiyar littafin. Da aka tara magadan gidaje takwas da masu tsaronsu a Canaan House, aka fara tsintar gawa ɗaya bayan ɗaya kamar a *And Then There Were None* na Agatha Christie, sunaye sun yi yawa, har mutum kan koma jerin sunayen da ke farkon littafin ya duba wa aka kashe. Rahar intanet ɗin ma tana saurin tsufa.

Sirrin da ake nema a Canaan House shi ne yadda matsafi zai zama Lyctor, wato na hannun daman sarki marar mutuwa. Hanyar ita ce ya haɗiye ran mai tsaronsa, ya riƙa ƙona shi har abada, Gideon kuwa ita ce mai tsaron Harrowhark. A nan dariyar ke maƙalewa a wuya, don marubuciyar ta sa ka shaƙu da muryar da aka tanada tun farko a matsayin itacen wuta. Littafi na biyu, *Harrow the Ninth* na 2020, ya ɗauke wannan muryar kusan gaba ɗaya. Harrowhark ta sa an taɓa ƙwaƙwalwarta don ta manta da Gideon, ko ran Gideon ya tsira daga haɗiyar, mai karatu kuma ya yi ta laluben shafuka cikin ruɗani, ana ba shi labarin da ya san ba haka ya faru ba.