Baƙin cakulan a zafin Jimeta: wanne ya ci kuɗinsa?

Yanzu a Luggere ba a cika haɗa kayan na-gani-ina-so ko tsarabar tafiya ba tare da kwalin cakulan a sama ba. Kwali mai ruwan zinariya, kuɗi kamar na rabin buhun shinkafa, amma da wuya ka ji wanda ya tambaya ko abin da ke ciki ya amsa sunansa. Abin mamaki shi ne mu da muka iya tantance goro, mun fi kowa cancantar iya tantance baƙin cakulan. Koko da goro dangi ɗaya ne a wurin masana tsirrai, kuma dukansu ɗacinsu ne jarinsu. Wanda ya san yadda goro mai kyau ke ɓarewa da ƙara, ya san zaƙin da ke biyo bayansa in an kurɓi ruwa, ai ya yi rabin karatun.

A fara da bayan takarda, ba gabanta ba. Idan sukari ne farko a jerin kayan haɗi, sai man kwakwar manja ko wani man girki ya biyo, to alawa ce mai launin ƙasa, kada a kira ta baƙin cakulan. Na ainihi koko ne a gaba, sai sukari da man koko su biyo baya. A dokar Tarayyar Turai sai koko ya kai kashi 35 cikin ɗari kafin a ce wa abu cakulan, masu son ɗaci kuma kan nemi kashi 70 ko fiye. Sai dai lambar kaɗai ba ta isa shaida ba. Akwai mai kashi 85 da za ka ji kamar ka tauna gawayi, saboda an ƙona ƙwayar wajen suya don a ɓoye rashin kyanta.

Daga nan sai a karya. Mai kyau yana da sheƙi, yana karyewa ƙas, bakin karayar kuma sumul. A ɗora ɗan gutsure a harshe, kar a tauna. Man koko na narkewa ne a wajen digiri 34, ƙasa kaɗan da ɗumin jikin mutum, shi ya sa na ainihi ke zamewa a baki ya bar ƙamshi, wani lokaci har da ɗan tsami irin na 'ya'yan itace. Na bogi kuwa sai ya liƙe a dasashi kamar kakin kyandir, ka yi ta sa harshe kana kankarewa.

To a nan gizo ke saƙar. Garin da a watan Maris da Afrilu zafi ke haura digiri 40, ga wuta ta zo ta tafi, cakulan na gaskiya shi ne ya fi shan wahala. Ya narke da rana a kan kanta, ya daskare da dare in an tayar da janareto, kwana kaɗan sai ka buɗe ka tarar da farin dusa-dusa a jikinsa. Ba ruɓewa ya yi ba, man ne ya taso sama, kuma ba zai cutar da kai ba. Amma santsin da ka biya kuɗi dominsa ya riga ya tafi, sai gari-gari. Lindt mai kashi 70, in ya iso da lafiyarsa, babu abin kushewa a ɗanɗanonsa. Matsalar ita ce tafiyar Legas zuwa Yola a bayan mota. Ni a wurina Mambo na kamfanin Chococam da ke Duwala, wanda 'yan kasuwa ke shigo da shi ta Garwa, ya fi gaskiya ga kuɗinsa. Zaƙinsa ya yi yawa, ƙamshinsa ba ya daɗewa a baki, amma bai yi maka alƙawarin abin da ba zai cika ba.

Su kuma ƙwallayen nan da ake kira turaful, labarinsu daban. Asalinsu cakulan ne da aka kwaɓa da kirim ɗin madara, aka mulmula, aka birkiɗa a garin koko, kusan yadda ake mulmula daƙuwa. Irin wannan ba ya wuce mako biyu ko a cikin sanyi. Saboda haka duk wanda ka ga ya yi wata shida a kanta yana jiranka, ba kirim ne a cikinsa ba, mai ne. Ko sanannen Lindor man kwakwa da na kwakwar manja ne ke ba cikinsa laushi. Ba laifi ba ne, daɗi yana da shi, amma a san abin da aka saya. Abu mafi muhimmanci ga gidajenmu: turaful da yawa na Turai ana zuba musu giya, kuma da Faransanci ko Jamusanci aka rubuta a jikin kwalin. Kafin a miƙa wa yara ko surukai, a nemi wanda zai karanta.

Wani abin da ke ci mini rai shi ne koko ba baƙonmu ba ne. Ana nomansa a Kurmi nan Taraba, ga Kamaru a maƙwabta, ga Ondo da Kuros Riba. A 2024 farashin tan ɗaya ya haura dala 10,000 a kasuwar duniya, sai masu sarrafawa da dama suka rage koko suka ƙara mai, kwali kuwa bai canja ba. In har kyauta za a kai a watannin zafi kuma kantin ba shi da sanyi dare da rana, gara a sayi gullisuwa ko tuwon madara na ranar daga hannun matan unguwa, a bar baƙin cakulan sai Disamba da Janairu, lokacin da hunturu zai riƙe mana shi.