Fayil ɗin .mod ba wurinsa ba ne /usr/include

Na taɓa kwana ina fama da wata manhajar hasashen yanayi da aka rubuta da Fortran. Laburaren netCDF yana nan, amma kampailan Fortran ɗin, gfortran, ya ƙi karanta netcdf.mod, ya ce wani bugunsa na daban ne ya samar da shi. Da na bi sawu, sai na tarar da fayil ɗin a /usr/include, cikin fayilolin .h na C, babu abin da ke nuna wanda ya haife shi.

Tun daga ranar nake adawa da wannan al'ada. Fayil ɗin .h rubutu ne da mutum ya yi, kowane kampaila na C zai karanta shi. Shi kuwa .mod kampaila ne ke fitar da shi, kuma tun da Fortran 90 ya kawo modul, ƙa'idar harshen ba ta faɗi yadda cikinsa zai kasance ba. Kowa da nasa tsarin. Na Intel da na gfortran ba sa jin juna. Shi kansa gfortran yakan sauya: daga bugu na 5 zuwa na 7 tsarinsa lamba 14 ne, a bugu na 8 ya koma 15. Wanda aka gina don na'ura mai bit 32 ma yana iya bambanta da na 64. Abin da ya dogara da kampaila da irin na'ura haka, gidansa /usr/lib ne.

Fedora ta gane wannan, tana ajiye su a /usr/lib64/gfortran/modules. Debian ta fi burge ni, domin ta sa lambar tsarin a sunan foldar, misali gfortran-mod-15, ƙarƙashin /usr/lib/x86_64-linux-gnu/fortran. Kallo ɗaya ya ishe ka sanin ko kampailanka zai karanta abin da ke ciki, kuma kampaila biyu za su zauna a kwamfuta ɗaya ba tare da ɗaya ya taka ɗaya ba.

Masu ɗaya ɓangaren suna cewa /usr/include ya fi sauƙi, ba a buƙatar dogon -I. Na yarda doguwar hanyar tana da gajiya, amma ai aikin pkg-config da CMake ke nan, su riƙe ta a madadinmu. Sauƙin da suke faɗa na mai haɗa kunshin ne. Wahalar tana faɗawa kan ɗalibin da ya sabunta kampaila ya wayi gari aikinsa ya tsaya. Yanzu ga C++20 ya shigo da nasa modul da irin wannan matsalar: abin da GCC ya fitar, Clang ba ya karanta shi.