Kaurin Baƙi da Sirantarsa: Alƙalamin Kara a Gaban Kwamfuta

Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta taso daga Maraɗi ta ratsa Gidan Rumji zuwa Madawa, in yana duban allunan shaguna da na makarantun Islamiyya, zai lura hannun mai fenti yana ja da baya, rubutun kwamfuta yana maye gurbinsa. Wannan canji ba abin zargi ba ne. Abin da ya kamata malamai da ƙungiyoyin raya al'adu su tsaya su duba shi ne siffar baƙaƙen da ke fitowa, musamman na ajami, domin galibinsu ko dai da zubin Gabas suke zuwa, ko kuwa a ga baƙi tamkar an lanƙwasa waya, kaurinsa ɗaya daga kai har wutsiya.

A makarantar allo, babu wanda ke zaɓa wa baƙi kauri da gangan. Almajiri yakan feƙe karansa, ya yanke bakin a karkace, ya tsaga shi domin ya riƙe tawada. Daga nan faɗin bakin, da yadda aka kama alƙalamin, da inda hannu ya nufa, su ke hukunta inda layi zai cika da inda zai sirance. In aka ja da faɗin baki, layi ya yi kauri. In aka bi da gefensa, ko aka ɗaga hannu a ƙarshen wutsiyar nun, sai ya sirance. Ke nan kaurin baƙi sawun tafiyar hannu ne, kuma gardin da ya ƙware yana iya duban shafi ya gane yadda aka feƙe alƙalamin da ya rubuta shi.

Manhajojin zane kuwa da lissafi suke gina layi. Tushensu shi ne lanƙwasar da ake kira da sunan Pierre Bézier, injiniyan kamfanin Renault na Faransa, wanda ya yi amfani da ita wajen zana jikin mota a shekarun 1960. Irin wannan layi hanya ce kawai tsakanin ɗigo da ɗigo, sai daga baya a ɗora masa kauri. A 2010 Adobe Illustrator ya zo da abin da ke ba mai zane damar kama kowane wuri a jikin layi ya faɗaɗa shi ko ya tsuke shi. A 2015 Inkscape, wanda kyauta ake samun sa, ya shigo da nasa mai suna Power Stroke. Saboda haka uzurin cewa na'ura ba ta iyawa ya ƙare.

Sai dai a nan wata matsalar ta ɓullo. Kara yana da iyaka, ba ya yarda a kumbura baƙi a inda hannu bai bi da faɗin baki ba. Manhaja kuwa duk abin da aka ce ta yi, yi take. Shi ya sa ake ganin mai zanen da bai taɓa riƙe alƙalamin kara ba ya cika wa baƙi ciki ya tsuke masa wuya, har ya fito da abin da babu alƙalamin da zai iya rubuta shi. Wasu kuma sukan ari bambancin kauri mai tsanani na rubutun Gabas su ɗora wa namu. Alhali kuwa rubutun Kano, wanda Andrea Brigaglia ya yi nazarin yaɗuwarsa a 2011, kuma wanda Alƙur'anan hannun marigayi Sharu Bala Gabari suka ƙara wa suna, rubutu ne cikakke, gajere, baƙaƙensa a matse, sirantarsa ƴar kaɗan ce a wutsiya da mahaɗa. Kyansa yana cikin nauyinsa. Wanda ya rame shi ya raba shi da kamanninsa.

Dole a yaba wa zubin haruffan Alkalami, wanda Becca Hirsbrunner Spalinger ta zana, ƙungiyar SIL ta fitar a 2017 domin ajamin Kano da Nijar. Ya riƙe nauyin rubutun, kuma yana ba da damar sa ɗigon fa a ƙasa da ɗigo ɗaya bisa ƙaf, kamar yadda masu karatun Warshu suka saba. Yaron da ya taso da allo a Tibiri zai karanta shi ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Amma zubin haruffa daskararre ne: baƙi yana maimaita kansa da siffa guda sau dubu, alhali marubuci yakan ja wani ya cika layi, ya matse wani ya ba wasali wuri. Ya wadatar ga littafin karatu; allon ƙofar makaranta da bangon littafi kuwa suna bukatar a zana kowane baƙi da kansa.

Shawarar da za a bayar mai sauƙi ce. Mai zane ya fara samun alaramma ya rubuta masa kalmar da kara da tawada, ya ɗauki hotonta, sa'an nan ya bi tsakiyar kowane layi a manhaja, ya sa kauri a inda alƙalami ya sa shi kaɗai, da ɗigogin gyara kaɗan domin kada gefen baƙi ya yi gargada. Ƙungiyoyinmu na iya haɗa gardawa da matasa masu aikin kwamfuta a zama ɗaya, su kuma adana hotunan rubutun tsofaffin marubutan gundumar tun suna raye. Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. In muka bar allunanmu ga zubin da ya zo cikin na'ura, ƴaƴanmu za su tashi suna ganin rubutun kakanninsu a matsayin baƙo.