Aïcha Macky: Gwanar Sa Mutum Ya Amayar da Abin da Ke Cikinsa

Akwai fim ɗin da ake rubuta labarinsa a takarda, a ɗauko 'yan wasa, a ce wane kai ne miji, wance ke ce kishiya. Akwai kuma wanda babu ɗan wasa ko ɗaya a cikinsa, mutane ne na gaske a gidajensu suna faɗin abin da ya dame su. Na biyun nan shi ne sana'ar Aïcha Macky, 'yar Damagaram da aka haifa a 1982, kuma a ganina ya fi na farkon wuya nesa ba kusa ba. Ɗan wasa umarni yake jira. Mutumin gari kuwa da ya ga kyamara sai ya gyara zama, ya gyara murya, ya ba ka amsar da yake zaton kana so. Gwaninta ita ce a kai shi inda zai manta ana ɗaukarsa.

Ilimin zamantakewar al'umma ta karanta a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, daga baya ta koyi aikin fim a Jami'ar Gaston Berger da ke Saint-Louis a Senegal. Amma dabararta ta farko zuciya take buƙata fiye da karatu: kafin ta nemi sirrin kowa, nata ta fara shimfiɗawa. Fim ɗinta na 2016, L'arbre sans fruit, kan rashin haihuwa ne, kuma ita kanta matar aure ce da Allah bai ba haihuwa ba a lokacin. Mahaifiyarta wajen haihuwa ta rasu, Aïcha na ƙarama, kuma a fim ɗin da marigayiyar take magana. To wace mace ce za ta ɓoye mata hawaye? Matan da aka sha yi wa gori a gidan miji suka zauna suka faɗi abin da ko 'yan'uwansu ba su taɓa ji ba. A shekarar ne fim ɗin ya ci kyautar fina-finan Afirka ta AMAA.

Ba ita kaɗai ta bi wannan hanya ba. Naomi Kawase ta Japan, haifaffiyar Nara a 1969, da ƙaramar kyamara ta fara, tana neman mahaifin da ya tafi ya bar ta, tana ɗaukar tsohuwar da ta raine ta, kafin ta ci kyautar Caméra d'Or a Cannes a 1997.

Inda Aïcha ta fi burge ni shi ne fim ɗinta na 2021 mai suna Zinder, wato Damagaram. Duk ɗan Damagaram, ko yana gida ko yana ci-rani a Tamanrasset, ya san abin da ake nufi idan an ce Kara-Kara: unguwar da tun asali aka ware wa kutare, wadda daga baya ta yi suna da ƙungiyoyin matasa da ake kira palais. Mace ta shiga can da kyamara, kuma ba leƙe ta yi ta gudo ba. Irin wannan fim sai an yi ta zuwa hannu rabbana, a gaisa, a zauna, a tashi ba a ɗauki komai ba, har ranar da mutanen wurin za su daina kallon mutum a matsayin baƙo.

Dubi abin da haƙurin ya haifar. Ga ƙarti suna ɗaga ƙarfe a tsakar rana, gumi na zuba, sun raɗa wa ƙungiyarsu sunan Hitler ba tare da sanin ko wane ne shi ba, jagoransu kuma burinsa ya kafa kamfanin gadi su samu abin yi. Ga tsohon ɗan daba da ya koma kabu-kabu, abin da ya aikata a baya na cin ransa. Ga mai fasa-ƙwaurin fetur daga iyakar Najeriya. Sai kyamarar ta matso jikin mutum, ta tsaya kan tabon sara, ta ƙi gusawa, har mai kallo ya fara tambayar kansa yadda aka yi yaro ya girma da wannan a fatarsa. Darakta mai gaggawa da tuni ya yanke, ya sa kiɗan tausayi. Ita ta san tsawon da hoto ke buƙata kafin ya yi magana.

Sauran aikin a ɗakin tacewa yake, inda ake zaɓar abin da bai kai awa ɗaya da rabi ba daga tarin abin da aka ɗauko. Nan ne amana take, domin da almakashi kaɗai ana iya mayar da mutum dodo ko waliyyi. Aïcha ba ta wanke mutanen da ta ɗauka ba, laifinsu na nan a fili, daga bakinsu ma aka ji shi. Ta dai ajiye shi kusa da rashin makaranta da rashin aikin da suka taso a ciki, ta bar su suna magana da Hausarsu. Da Hausar nan aka kalli fim ɗin a bikin Visions du Réel na birnin Nyon a Suwizalan, Turawa na bin fassara a ƙasan allo.